A Gaya wa Manomi Doka Kafin Ya Yi Shuka

Duk wanda ya shiga kasuwar Unguwar Rimi a Kaduna bayan kakar 2025 ya ga abin da aka daɗe ba a gani ba. Mudun masara da na dawa da na shinkafar gida sun sauko, mai awo yana cika mudu har ya yi tsororuwa ya ƙara da gyara, uwargida kuma tana komawa gida da canji a hannu. Bayan azabar 2024, shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, har matasa suka fito zanga-zangar yunwa a watan Agusta aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, babu mai imanin da zai ga wannan sauƙi ya ɓata rai. Sai dai masarar da ake aunawa a Unguwar Rimi daga Saminaka da Soba da Giwa da Pambeguwa da Anchau ta fito, kuma a can labarin daban ne: mutanen da suka noma ta suna lissafin bashin da ba za su iya biya ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, babbar cutar da ke cin noman Najeriya a yau ita ce yadda gwamnati ke canza dokar cinikin amfanin gona bayan manomi ya riga ya binne dukiyarsa a ƙasa. Maganinta kuwa shi ne a sanar da dokar shigo da abinci da ta fitar da shi tun kafin saukar ruwa, a tsaya a kanta har ƙarshen shekara, a kuma kafa farashin da hatsi ba zai faɗi ƙasa da shi ba.

A fara da lissafin gona, domin a nan ne maganar take. Kadada ɗaya ta masara, idan za a bi shawarar malaman gona, tana cin takin zamani wajen buhu goma, kamfa da yuriya a haɗe. Kafin a zo kan taki an biya kuɗin haro da huɗa, an sayi iri da maganin ciyawa. Bayan taki ga feshin tsutsar nan da ta shigo ƙasar tun 2016, ga 'yan ƙwadago masu karya masara, ga mai injin casa, ga buhunan zubawa, ga kuɗin mota zuwa kasuwa, ga la'adar dillali. Duk waɗannan ana biyan su ne tsakanin Mayu da Nuwamba, alhali kuɗin masara ba ya shigowa sai a ƙarshe. A kakar 2025, a kasuwanni da yawa na Arewa, buhun masara mai kilo 100 ya kasa sayen buhun kamfa mai kilo 50. Ma'ana, manomin da ya wadata gonarsa da taki sai ya ware fiye da buhu goma na amfaninsa don biyan taki kaɗai, kafin a taɓa sauran ɗawainiya. Wanda ya karɓi bashin ba-da-kaka ya fi kowa shan wuya, domin kuɗi ya ranta lokacin da masara ke da daraja, ga shi zai biya lokacin da ta zube. Matsakaicin abin da kadada ke bayarwa a Najeriya bai wuce tan 2 ba, wato buhu 20. Mai lissafi ya san abin da ya rage wa irin wannan manomi.

Akwai rashin adalci a ginin kasuwar kanta. Najeriya tana sarrafa yuriya fiye da abin da take amfani da shi: masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a Maris 2022, an gina ta ne don samar da tan miliyan 3 a shekara, ga kuma ta Indorama a Eleme, kuma jiragen ruwa na ɗaukar takin zuwa Brazil da Amurka da Indiya. Saboda haka farashin takin da manomin Lere ke saya yana bin kasuwar duniya da darajar dala. Maganin feshi daga waje ake kawo shi. Man fetur da gas da ke tayar da tarakta da injin casa sun yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar. Duk abin da manomi ke saya an bar shi ga kasuwa. Abin da yake sayarwa kuwa an sa masa takunkumi ta fuska biyu. Idan hatsi ya yi tsada, sai a tare motocin da ke fita da shi, kamar yadda kwastam suka yi a farkon 2024, a rufe wasu sito-sito a kasuwar Dawanau ta Kano da sunan yaƙi da masu ɓoye abinci, har Majalisar Dattawa ta amince a Disambar 2024 da ƙudurin da ke tanadin ɗauri ga mai fitar da masarar da ba a sarrafa ba da yawa. Idan kuma hatsi ya faɗi, babu hukumar da ke zuwa ta tallabe shi. An hana manomi cin ribar shekarar tsada, an bar shi shi kaɗai da asarar shekarar araha.

Wanda ke ganin na yi zafi ya dubi jerin matakan shekara goma da suka wuce. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana ba da dala don shigo da kaya 41, ciki har da shinkafa. A Nuwambar shekarar aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi. A Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, amma kafin Agusta ya fita ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disambar 2020. A Yulin 2020 aka saka masara cikin kayan da ba a ba su dala, amma bayan kimanin wata biyu aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. A Oktobar 2023 aka soke jerin haramcin dalar gaba ɗaya. A Yulin 2024 aka janye harajin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. A Agustan 2025 aka wayi gari an hana fitar da ƙwallon kaɗanya na wata shida, ana tsakiyar lokacin da matan karkara a Neja da Kwara da Kebbi ke sayar da abin da suka tsinto, farashi ya rushe cikin kwanaki. Kowane mataki yana da dalilin da za a iya kare shi da shi. Amma idan aka jera su, babu wani mai hankali da zai iya cewa ga inda aka dosa, kuma kusan dukkansu sun zo ne ba tare da an ba mai noma ko da damina ɗaya ta shiri ba.

Matakin Yulin 2024 ya cancanci a tsaya a kansa. Lokacin da Ministan Noma, Abubakar Kyari, ya yi sanarwar, masara ta riga ta kai gwiwa a gonakin Kaduna, an zuba takin farko, wasu sun zuba na biyu. Manomi ba shi da hanyar janye kuɗin da ya riga ya narke a ƙasa. Akinwumi Adesina, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar noma kuma yake shugabantar Bankin Raya Afirka a lokacin, ya fito fili ya yi gargaɗin cewa matakin zai karya gwiwar masu zuba jari a noma. Abin lura shi ne, a cikin wannan sanarwa ɗin an yi alkawarin kafa mafi ƙarancin farashi da sayen rarar hatsi don cika rumbunan gwamnati. Ɓangaren buɗe ƙofa ya tabbata, amma manomin da ya kai kayansa kasuwar Giwa ko Saminaka a kakar 2025 bai iske wani ma'aunin gwamnati yana jiran sa ba. Gaskiya ne, shigo da abinci ba shi kaɗai ya karya farashi ba. Damina ta yi kyau a wurare da yawa, naira ta ɗan natsu, tsadar 2024 ta ja mutane da yawa zuwa gona, sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya ba wasu damar komawa gonakin da suka bari. Wannan ma yana ƙarfafa hujjar ne, domin shekarar da amfani ya yi yawa ita ce shekarar da ake bukatar babban mai saye da zai kwashe rara, ba ƙarin kaya daga tashar jiragen ruwa ba.

Manomin Arewa yana karanta kasuwa fiye da yadda ake zato. A da masara abincin bayan gida ce a ƙasar Hausa, ana gasa ta ko a dafa lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero da dawa su ne abinci. Abin ya canza ne daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka kafa shirye-shiryen raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya, aka kawo ingantaccen iri da taki mai rahusa da hanyoyin karkara. Da manomi ya ga akwai riba, cikin shekaru kaɗan masara ta mamaye ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, har Kaduna ta zama kan gaba wajen nomanta a ƙasar da ke samar da fiye da tan miliyan 10 a shekara. Wanda ya rungumi masara saboda lissafi zai iya sakin ta saboda lissafi. Zai koma waken suya ko dawa da ba su cin taki sosai, ko ya rage gona, ko ya shuka masarar ya hana ta taki. Sakamakon ba ya bayyana nan take, sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da masu kiwon kaji da masana'antun abincin dabbobi irin na Olam da ke hanyar Abuja, wanda aka buɗe a 2017, suka shiga kasuwa neman masarar da babu. Daga nan ƙwai ya yi tsada, tuwo ya yi tsada, a sake kiran taron gaggawa, a sake buɗe ƙofa. Ƙasar da ke samar wa birni araha ta hanyar karya manomi tana yin abin da magidanci ke yi idan ya daka irin shukarsa ya yi tuwo: daren nan an ƙoshi, damina kuma ta zo ta iske babu abin sa wa a rami.

Mun taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, dalar gyaɗa a Kano ta zama alamar arzikin Arewa. Hukumar ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke sayen gyaɗa da auduga a farashin da ta yanka, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya. Da rarar kuɗin an yi ayyukan da har yau ake cin moriyarsu, ciki har da jarin masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a Kakuri a 1957. Amma manomi ne ya biya, kuma da farin farkon shekarun 1970 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, kuɗin man fetur kuma ya sa shigo da abinci ya zama abu mai sauƙi, sai ya ga babu dalilin ci gaba da wahala. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin gaba ɗaya ba tare da an kafa wani abu a gurbinsu ba. Auduga ta rasa mai kula da ingancin irinta da mai tabbatar mata da kasuwa, masaƙun Kakuri kuma, da matsalar wuta da kayan fasa-ƙwauri suka haɗu musu, suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Darasin yana da fuska biyu. Gwamnatin da ta mallake kasuwa tana danne farashi tana kashe noma. Gwamnatin da ta tsame hannunta gaba ɗaya, sai dai ta riƙa faɗowa kasuwa lokacin da birni ya yi kuka, ita ma tana kashe shi.

Abin da ya kamata a yi yana tsakanin waɗannan biyun, kuma ba sabon abu ba ne a duniya. Na farko, kowace shekara, a daidai lokacin da hukumar NiMet ke fitar da hasashen damina a farkon shekara, gwamnati ta bayyana harajin da zai kasance a kan masara da shinkafa da alkama da wake, da sharuɗɗan fitar da amfanin gona, da kuma matakin tsadar da idan aka kai shi za a sassauta harajin. Kowa ya san dokar, kuma kada a taɓa ta sai shekara ta zagayo. Na biyu, a bayyana mafi ƙarancin farashi na manyan hatsi bisa ainihin kuɗin da noma ke ci. Cibiyar NAERLS da ke Samaru tana zagaya jihohi kowace damina tana tattara irin waɗannan alƙaluma, ita da cibiyar binciken noma ta IAR suna da masanan da za su iya wannan lissafi. Na uku, idan farashi ya faɗi ƙasa da wannan layi a kaka, gwamnati ta shiga kasuwa ta saya ta adana, idan bazara ta yi tsanani ta fito da shi. Indiya tana yin haka tun 1965, tana sanar da farashin amfanin gona sama da 20 kafin shuka. Tsarin nata yana da nasa kurakurai, amma ƙasar da ta dogara da alkamar agaji a shekarun 1960 ita ce yau ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya.

Ƙorafi na farko a kan wannan shawara, kuma mafi nauyi, shi ne na talakan birni. Mai gadi da ɗan acaɓa da ƙaramin ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba su da gona, kuma yunwarsu ba ta jiran shekara mai zuwa. Wannan gaskiya ce, kuma babu wanda ya ce a bar su. Amma tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin sauƙaƙa musu. Idan aka karya farashi ta hanyar buɗe ƙofa bagatatan, an ɗora nauyin ne a kan manomi, wanda a mafi yawan lokuta ya fi su talauci, kuma mai kuɗin birni ya ci arahar daidai da talaka. Idan kuwa akwai hatsi a rumbun gwamnati da aka saya a kaka, ana iya sayar da shi da rangwame a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi lokacin tsanani, kamar yadda hukumar OPVN ke yi a Nijar. A Fabrairun 2024, da yunwa ta kai intaha, abin da aka ba da umarnin fitarwa daga rumbunan tarayya tan 42,000 ne. Idan aka raba wa mutum sama da miliyan 200, kowa bai samu rubu'in kilo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada a manta, ƙaramin manomi shi ma mai saye ne: yana sayar da hatsinsa da arha a Disamba don biyan bashi da hidimar iyali, ya dawo ya saye shi da tsada a Yuli. Rage tazarar da ke tsakanin farashin kaka da na damina taimako ne gare shi da talakan birni baki ɗaya.

Ƙorafi na biyu na masana tattalin arziki ne. Suna cewa an rufe iyaka, an hana dala, an zuba fiye da naira tiriliyan ɗaya a Anchor Borrowers, har aka jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, amma shinkafa ba ta yi araha ba. Suna cewa matsalar ta gaskiya ita ce manominmu na samun tan 2 a kadada, alhali na Afirka ta Kudu na samun ninki biyu ko fiye, na Amurka kuma sama da tan 10. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, shi ya sa ba na kiran a rufe iyaka. Haraji matsakaici da aka san shi ya fi haramcin da ke azurta 'yan fasa-ƙwauri da masu takardar izini. Amma ta yaya amfanin kadada zai ƙaru? Sai manomi ya sayi ingantaccen iri irin SAMMAZ da ake fitarwa a Samaru, ya wadata gona da taki, ya haƙa rijiyar burtsatse don noman rani, ya sayi injin. Duk waɗannan jari ne da ba ya dawowa a shekara ɗaya, kuma babu mai zuba irin wannan jari, babu bankin da zai ba shi rance, idan sanarwa guda daga Abuja za ta iya raba farashin kayansa biyu. Tabbacin kasuwa shi ke zuwa kafin ƙaruwar amfani, ƙaruwar amfani kuma ita ce kaɗai hanyar arahar da ke ɗorewa.

Ƙorafi na uku shi ne na amana. Wa zai riƙe rumbun? Mutane sun ga yadda aka yi da bashin manoma, inda kaso mai yawa bai dawo ba, sun ga manoman bogi masu rajista ba gona, sun san cewa tun 2018 aka amince da ba da hayar mafi yawan manyan rumbunan tarayya ga 'yan kasuwa. Tsoron yana kan hanya, don haka dole tsarin ya kasance wanda ido ke gani. A saya a kasuwa a fili, a kan sikeli, a farashin da aka faɗa a rediyo, a biya ta asusun wanda ya kawo kaya, a kuma riƙa wallafa adadin da ke kowane rumbu duk wata. Ba dole ne gwamnati ta riƙe kowane buhu da kanta ba. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma na zuba hatsinsu a sito a kaka, a sa kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Manomi ya karɓi rance a kan hatsinsa ya biya bukatunsa, idan farashi ya tashi a buɗe sito ya sayar ya biya bashi ya riƙe riba. Kamfanoni irin su AFEX suna da sito-sito a jihar Kaduna da ke aiki da takardar shaidar ajiya. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan har ya kai ga mai buhu biyar, a kuma daina ɗaukar duk mai ajiyar hatsi a matsayin mai laifi, domin ajiyar kaka ita ce abincin damina.

Akwai kuma masu kawo hujjar addini, cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka farashi, bai yi ba. Haka ne, kuma wannan hujja ta fi dacewa da masu rufe sito da tare motoci don tilasta araha. Abin da nake kira a yi bai tilasta wa kowa sayarwa ko saye a wani farashi ba. Gwamnati ce za ta shiga kasuwa a matsayin mai saye, wanda ya ga dama ya sayar mata, wanda ya samu tayin da ya fi ya tafi can. Addinin da ya haramta ɓoye abinci don cutar da jama'a shi ne kuma ya hana tare masu kawo kaya daga ƙauye a hanya a saye da arha kafin su san farashin kasuwa. Wato an kare mai ci, an kuma kare mai kawowa. Tarihin Annabi Yusuf (AS) kuwa, wanda kowane ɗan makarantar allo ya sani, ya nuna cewa tara abinci a shekarun wadata don shekarun fari aikin hukuma ne, kuma yana bukatar masani mai riƙon amana.

Batun maƙwabta ma yana cikin wannan lissafi. Kasuwar Dawanau da ta Maraɗi, Illela da Ƙonni, Maigatari da Damagaram, tamkar kasuwa ɗaya ce. Gero da masara na hawa, wake da dabbobi da albasa na gangarowa. Duk lokacin da aka toshe wannan hanya, kamar a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, kayan ba sa daina tafiya, sai dai su bi daji a kan babura, kuɗin da ya kamata ya shiga aljihun manomi ko baitulmali ya tafi a cin hanci. Kuma maƙwabci ma yana rufe tasa ƙofar: a Oktobar 2024 Nijar ta hana fitar da hatsinta. A shekarar da masara ta yi yawa a Kaduna, kasuwar Nijar da Chadi da Kamaru ita ce mafi kusa da za ta ɗauke rarar ta tallafi farashi. Ƙasar da ke son manominta ya noma fiye da abin da take ci dole ta bar masa ƙofar sayar da rarar, in ba haka ba zai noma daidai cikinsa.

Za a ce ina kuɗi. Harajin da aka yafe wa masu shigo da abinci kuɗi ne. Tirelolin takin da gwamnatin Kaduna da sauran jihohi ke rabawa kowace damina kuɗi ne, kuma taimako ne na gaske, sai dai takin kyauta ba ya hana asara idan amfanin da ya fitar ba shi da kasuwa. Najeriya ta yi alkawari a Maputo tun 2003 cewa za ta ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinta ga noma, kasafin tarayya bai taɓa zama a kan wannan mizani ba. Jihar Kaduna ba sai ta jira Abuja ba: tana iya ware wani ɓangare na kuɗin tallafin noma ta sayi masara da dawa da waken suya a kaka daga ƙungiyoyin manoma, don makarantun kwana da asibitoci da ajiyar ko-ta-kwana. Harajin fito kuwa yana hannun tarayya, kuma a nan ne muryar mutanen birni ke da amfani. Unguwar Rimi unguwa ce ta manyan ma'aikata da tsofaffin jami'ai da 'yan kasuwa da 'yan siyasa, mutanen da ake ɗaga wayarsu a Abuja, da yawansu kuma suna da gonaki a hanyar Zariya da hanyar Jos, sun ɗanɗani asarar da kansu. Su da ƙungiyoyin manoma da na masu kiwon kaji da sarakuna su haɗa baki su nemi wakilanmu a Majalisar Tarayya su mayar da wannan tsari doka: a sanar da haraji da mafi ƙarancin farashi kafin ƙarshen Maris kowace shekara, a ware kuɗin sayen rara a cikin kasafi, kuma duk ministan da zai canza dokar a tsakiyar damina ya zo gaban majalisa ya faɗi wanda zai biya manomi asararsa.